Ku Tambayi Anti: Cin Abinci a Wuraren Wasanni na Abuja Idan Miji da Mata Sun Fito Hutu

Assalamu alaikum masu karatu. Tun bayan hutun Sallah, yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a kan abu guda suke magana, wato ma'auratan da kan bar yara a hannun kakanni su zo Abuja su yi kwana biyu ko uku su sarara, da kuma yadda za su yi da batun abinci idan sun shiga wuraren wasanni da shaƙatawa. Na zaɓo biyar daga ciki na taƙaita su, kuma kamar yadda muka saba na sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ba a daɗe da yin bikinmu ba, kuma maigida ya samu ɗan hutu, ya ce za mu hau jirgin ƙasa daga Rigasa ranar Juma'a mu zo Abuja, mu koma ranar Lahadi. Babban burinsa shi ne ya kai ni Magicland ranar Asabar mu wuni a can, kuma ya ce abincin rana da na dare duk a ciki za mu ci don kada mu yi ta yawo a garin da ba mu sani ba. Ni kuma wata ƙawata ta ce mini abincin irin waɗannan wurare tsada ce kawai, babu wani daɗi. Maganar wa zan bi? Daga wata amarya a Kaduna.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sanya albarka a wannan aure, ya kuma saka wa maigidan naki da alheri, domin ba kowane namiji ne zai samu hutun kwana biyu ya tuna cewa matarsa ma tana da rabo a ciki ba. Shawarata ita ce ku karya kumallo sosai kafin ku bar masauki, ku ɗan taɓa abu mara nauyi a cikin wurin wasan, sannan ku ajiye babban cin abincin sai bayan Magariba, a wani wuri dabam da kuka zaɓa da kanku a cikin gari.

Magicland, wanda a da ake kira Wonderland, yana kusa da Ƙofar Birni da babban filin wasa na Moshood Abiola, a hanyar da ake shigowa gari daga filin jirgin sama. An yi shi ne domin lilo iri-iri da motocin karo da wasannin kwamfuta, saboda haka abincin da ake sayarwa a irin wannan wuri hidima yake yi wa wasa, an tsara shi ne yadda mutum zai karɓa cikin hanzari ya ci ya koma layi. Shi ya sa abin da za ki fi gani a wuraren wasanni bai wuce shawarma da soyayyen dankali da kaza da gugguru da askirim da alewar auduga da lemon kwalba ba, sai kuma shinkafa a wasu kantunan. Wannan ba aibu ba ne, aikin da aka kafa su su yi ke nan. A manyan wuraren wasanni na ƙasashen waje, irin Disney World da ke jihar Fulorida a Amurka, gidajen abincin kansu abin zuwa gani ne, har mutane kan kama tebur tun saura kwana 60 su je, amma namu ba a kan wannan tsari aka gina su ba. Ƙawar taki tana da gaskiya a kan tsada, sai dai ta yi tsanani da ta ce babu daɗi, domin shawarma mai zafi da aka naɗe a gabanku, kuka raba biyu kuna kallon masu lilo suna ihu, tana da nata daɗin.

Abin da ya fi sa na hana ku cika ciki a wurin shi ne lilon kansa. A can cikin kunnen ɗan'adam akwai wasu ƙananan bututu uku masu ruwa a ciki, su ne suke sanar da ƙwaƙwalwa ko kai yana tsaye ko yana juyawa. Idan lilo ya ɗaga ki sama ya sako ki, ko ya yi ta kewayawa da ke, saƙon da kunne yake aikawa yakan saɓa wa abin da ido yake gani, daga nan sai jiri da zufa mai sanyi da tashin zuciya su biyo baya. Abinci mai maiƙo kuwa ya fi kowane daɗewa a ciki kafin ya wuce, don haka wanda ya ci soyayyiyar kaza da dankali ya kora da lemo mai gas, sannan ya hau lilon nan mai siffar jirgin ruwa da ke kai mutum sama da ƙasa, shi ne ya fi kusa da yin amai a gaban jama'a. Hawa da yunwa ma yana da nasa wahalar, musamman a zafin Maris da Afrilu, kuma Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku ci waina da miya, ko ƙosai da kunu, ko shayi da burodi da ƙwai da hantsi, ku sha ruwa sosai, ku fara da lilo masu ƙarfi tun kuna shiga, sai kun gama da su sannan ku nemi wurin zama. Idan kuma kun riga kun ci, ku ba ciki kamar awa guda kuna zagayawa a ƙasa. Ki saka ɗan guntun citta ko alewar citta a jaka, tana rage tashin zuciya ga mutane da yawa.

A ganina ma wuni guda cur ya yi wa manya biyu yawa a wurin da aka fi yi domin yara. Awa uku ko huɗu sun isa, kuma lokacin da ya fi daɗi shi ne bayan La'asar, sa'ad da rana ta yi sanyi, zuwa lokacin da za a kunna fitilu.

Idan kun zo sayen abin taɓawa, a nan ko a kowane wuri mai taron jama'a, ki bar idonki ya yi miki zaɓi. Ki tsaya ki dubi mai shawarma na ɗan lokaci kafin ku biya. Idan wuta tana ci a bayan naman, sandar tana juyawa, yana yankowa daga gefen da ya gasu ya yi ja yana ɗigar da mai, to wannan ya yi. Idan kuwa wutar a kashe take, ga tarin yankakken nama a faranti a gefe ya huce man ya daskare a kansa, ga kwanon kirim da yankakken kabeji a buɗe ba a cikin sanyi ba, ku wuce gaba ko da layin can ya fi tsawo. Haka nan shinkafar da ake jerawa a akwatin gilashi: ki duba ko tururi yana tashi har ya jiƙa gilashin. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda dafuwa ba ta kashe irinta gaba ɗaya, kuma idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi-ɗumi, ƙwayar takan yaɗu ta saki dafin da ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa, sai mutum ya kama amai bayan 'yan sa'o'i. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da awa 2, kuma a riƙe mai zafi sama da maki 60, mai sanyi ƙasa da maki 5 a ma'aunin Salsiyos. Askirim ɗin da kika ga ya lotse ko ƙanƙara ta fito masa a sama, alama ce ya narke an sake daskarar da shi, abin da kan faru idan wuta ta ɗauke. Ruwa kuma ku sayi na roba mai lambar NAFDAC, ki tabbata ke kika fara murɗe murfin. Tafiyar kwana biyu ba ta da sararin jinya, ciwon ciki na dare ɗaya ya cinye rabinta.

To, sai batun abincin dare, wanda shi ne ya fi damuna a duk wannan tsari. A cikin wurin wasa kiɗa yana tashi, yara suna guje-guje, wasu suna tsaye a kanku suna jiran ku tashi su zauna, babu yadda za a yi hira ta yi tsawo. Ma'auratanmu da yawa sun shekara da shekaru ba su taɓa zama su biyu kaɗai a gaban abinci ba, ba tare da ita ce ta dafa, ta zuba, ta miƙe ɗauko ruwa, ta kwashe kwanuka ba, kuma wannan zaman shi ne abin da bai kamata ku bari ya wuce ku ba. Bakin tafkin Jabi yana da gidajen abinci masu kallon ruwa, ciki har da na cikin babban kantin nan na Jabi Lake Mall da aka buɗe a 2015, haka nan Wuse 2, musamman titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola, cike take da wuraren tuwo da miya da gasasshen nama da abincin Larabawa. Kafin ku bar ɓangaren Magicland kuma ku biya ta unguwar Area 1, babu nisa daga wurin, ku sayi kilishin tsaraba. Da safiyar Lahadi, idan lokacin jirginku ya ba da dama, ku ɗauki tabarma da fura da nono ku je Millennium Park da ke Maitama, lambun da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe ranar 4 ga Disamba 2003, inda mutane suka saba zuwa da abincinsu su shimfiɗa a ƙarƙashin itatuwa.

Idan za ki kawo wa maigida wannan shawara, kada ki fara da cewa ƙawarki ta ce, domin zai ji kamar an raina tsarin da ya ɓata lokaci ya yi. Ki ce masa kina sha'awar ganin tafkin Jabi da dare tare da shi.

Tambaya: Hajiya, ina gaisuwa. Ni magidanci ne, na kai iyalina wani wurin wasanni a Abuja washegarin Sallah, muka shiga gidan abincin da ke ciki muka ci shinkafa da kifi. Da aka kawo takardar kuɗi sai na ga ta zarce abin da na lissafa da nisa. Na ji nauyin yin magana a gaban maiɗakina, na biya muka fito, amma har yau abin yana ci mini rai. Shin cutata aka yi, ko kuwa haka tsarin yake? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Malam, na gode da ka rubuto, domin maza da yawa sun haɗiye irin wannan ba su faɗa wa kowa ba. Tunda ban ga takardar ba, bari in nuna maka inda kuɗi yake ƙaruwa, ka auna da abin da ka gani. Akwai harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan abin da aka saya, wanda gwamnatin tarayya ta ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari tun ranar 1 ga Fabrairun 2020, kuma gidajen abinci da yawa ba sa haɗa shi cikin farashin da suka rubuta, sai a ƙarshe su ɗora. Akwai kuma kuɗin hidima, wanda ba haraji ba ne, gidan ne yake sa wa kansa, sau da yawa kashi 5 ko 10. A misali, abincin naira 20,000 idan aka ɗora masa VAT na naira 1,500 da kuɗin hidima na kashi 10, wato naira 2,000, ya koma naira 23,500 ba tare da an ƙara maka ko cokali ɗaya ba. Bayan waɗannan akwai ƙananan abubuwan da ba a lura da su. Farashin shinkafa dabam yake da na naman da aka ɗora a kanta. Kifi, musamman tarwaɗar da ake nuna wa mutum da rai ya zaɓa, da girmansa ake yi masa kuɗi, kuma wanda bai tambaya ba babba za a kawo masa. Ruwan robar da aka ajiye a tebur tun kafin ka nema, da robar da aka zuba maka sauran abinci ka tafi da shi, duk suna iya shiga lissafi.

Ita kanta tsadar tana da tushe. Mai gidan abinci a cikin wurin wasanni yana biyan haya mai nauyi, yana ƙona man janareta don firji da fitilu, yana biyan ma'aikata wata guda cur alhali cinikin kirki sai Asabar da Lahadi da ranakun Sallah da Kirsimeti, sannan ya san duk wanda ya biya kuɗin shiga ba zai so ya fita neman abinci a waje ba. Wannan ya bayyana dalilin tsada, amma bai halatta ɓoye farashi ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare masu saye, ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashin kayansa, ta kuma hana shi karɓar fiye da abin da ya bayyana. Saboda haka idan an rubuta maka abin da ba ka ci ba, ko an sa farashin da ya saɓa wa na takardar jerin abinci, an ci haƙƙinka, kuma kana da damar neman manaja ya gyara, in ya ƙi ka kai ƙara wurin hukumar da rasit ɗinka.

Nan gaba, kafin ka ce a kawo, ka karɓi takardar farashi ka tambayi mai hidimar a hankali ko kuɗin da aka rubuta har da haraji da kuɗin hidima, ka kuma sa ya faɗa maka kuɗin kifin da ka nuna kafin a yanka shi. Idan takardar kuɗi ta zo ka karanta ta layi-layi, wannan ba rowa ba ce, kuma babu ma'aikacin kirki da zai ga laifinka. Ka riƙe ɗan tsabar kuɗi a aljihu, saboda a ranakun cunkoso na'urar POS da tura kuɗi ta waya sukan yi gardama, kuma idan na'ura ta nuna kuɗin bai shiga ba, ka karɓi 'yar takardar ka adana kafin ka sake sa kati.

Abin da na fi so ka sake dubawa shi ne nauyin da ka ji na maiɗakinka. Matar da take auna cefanen gidanka kullum ta fi kowa sanin darajar naira, kuma ina kyautata zaton da ka nuna mata takardar, da ita ce za ta fara gano inda aka yi ƙari. Ku zauna tun a gida ku yanke abin da za ku kashe a kan masauki da mota da tikiti da abinci, yadda idan kun zauna a tebur kowa ya san iyakarsa, ita ba za ta takura kanta tana neman mafi araha don tausayinka ba, kai kuma ba za ka ci abinci kana lissafi a zuci ba.

Tambaya: Anti, ni damuwata ta addini ce. Muna shirin zuwa Abuja ni da maigida, amma ina jin tsoron cin abin da ban san asalinsa ba, kuma an ce mini wasu wuraren shaƙatawa ana sayar da giya. Sannan yaya za mu yi da salla idan lokaci ya same mu a ciki? Daga wata uwargida a Katsina.

Amsa: 'Yar'uwa, tambayarki a kan hanya take. Abuja gari ne na kowa da kowa, akwai gidajen abinci na Musulmi da yawa, akwai kuma lambunan shaƙatawa da ake sayar da giya a fili, musamman da dare. Wuraren wasannin yara sun fi tsabta ta wannan fuska, amma duk da haka ku leƙa ku ga abin da ke cikin firji da kan tebura kafin ku zauna, in bai kwanta muku ba ku juya, babu wanda zai tuhume ku.

Wajen nama, kaza da kifi da naman sa ba su cika zama matsala ba, tunda yawancin mahautan da ke kai nama kasuwannin birnin mutanenmu ne, kifi kuwa ba ya buƙatar yanka. Inda ya kamata ki tsaya ki yi tambaya shi ne naman da aka sarrafa, kamar sosej ɗin da ake sakawa a shawarma da yankakken naman da ake jerawa a kan fiza, domin ana yin su da naman sa ko na kaza, ana kuma yin su da na alade. Ki tambaya kai tsaye, in an yi miki inda-inda ki ce a cire. Haka nan farfesun naman daji, wanda ba ki san wace dabba ce ko yadda aka kashe ta ba, ki bar shi.

Akwai wani abin sha da nake so ki sani, saboda mata da yawa suna nemansa da zaton lemo ne zalla. Sunansa Chapman, ja ne, ana kawo shi a babban kofi da ƙanƙara da yankakken kokwamba da lemon tsami. Yawancinsa lemon kwalba ne da ruwan zaƙi mai launi, amma a yadda aka saba haɗa shi ana ɗiga masa wani ruwa mai ɗaci daga ƙaramar kwalba mai suna Angostura, wanda kashi 44.7 cikin ɗari nasa barasa ce. Ɗigo kaɗan ake sawa, shi ya sa ake lissafa shi cikin abin sha mara sa maye, amma wadda take son ta kuɓuta daga shubuha sai ta ce a haɗa mata ba tare da wannan ruwan ba, ko ta nemi zoɓo ko kunun aya ko ruwan 'ya'yan itace da aka matse a gabanta.

Game da salla, ku tambaya tun a bakin ƙofa ko akwai masallaci da wurin alwala na mata, ku kuma tambaya ko tikitinku ya ba ku damar fita ku dawo. Ki saka ƙaramar sallaya a jaka, ki fito da alwalarki daga masauki. Magariba a Abuja tana faɗawa ne tsakanin ƙarfe 6 da 7 na yamma gwargwadon lokacin shekara, wato daidai lokacin da layin abinci ya fi tsawo, don haka ku yi sallar tukuna sannan ku ba da odar abinci. Ku tuna kuma cewa ku matafiya ne. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi tafiyar mil 48, wato kusan kilomita 80, kuma bai yi niyyar zaman kwana 4 cikakku ba, yana yin ƙasaru, ya mayar da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu, sai fa idan ya bi limamin gari. Batun haɗa salloli biyu kuwa yana da sharuɗɗa, maigida ya tuntuɓi malaminku kafin ku taso.

Tambaya: Anti, ina sa niƙabi, kuma ban taɓa cin abinci a bainar jama'a ba. Maigida yana so mu ci a waje, ni kuma kunya nake ji. Daga wata baiwar Allah a Gusau.

Amsa: Ƙanwata, kunyarki ado ce, kuma ba ta hana abin da maigida yake so. Ku nemi teburin da ke lungu, ki zauna kina fuskantar bango shi kuma yana fuskantar jama'a, ku zaɓi abin da ake ci da hannu ɗaya ba mai miya ba, abin sha kuma a kawo miki da tsinken zuƙa. Wasu gidajen abinci, musamman na Larabawa, suna da keɓaɓɓen wuri na iyali, sai maigida ya buga waya ya tambaya kafin ku je. Idan duk da haka ranki bai kwanta ba, a ƙunshe muku abincin ku tafi da shi lambu ko masauki ku ci a natse.

Tambaya: Hajiya, mun haura shekara ashirin da aure, yaranmu ne suka haɗa kuɗi suka kama mana ɗaki a Abuja suka ce lallai mu je mu huta, har da wurin wasanni. Alhaji yana da ciwon sukari da hawan jini, yana shan magani. Me zai ci a irin wannan wuri? Daga wata Hajiya a Bauci.

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa waɗannan yara albarka, ya ba su masu yi musu. Gaskiyar magana ita ce kusan duk abin da ake sayarwa a kantunan wurin wasanni sukari ne da gishiri da mai, wato abubuwan da likita ya ce Alhaji ya rage. Lemon kwalba da yawa suna ɗauke da sukari wajen giram 10 a kowane mililita 100, ke nan roba ɗaya ta rabin lita ta kai giram 50, wanda shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum mai lafiya a yini guda. Don haka abin shansa ruwa ne, kuma ya yawaita shi.

Hatsarin da mutane ba su cika tunawa da shi ba shi ne na faɗuwar sukari. Wanda ya sha maganin sukari ko ya yi allurar insulin da safe, sannan ya yi ta tafiya a rana, abincin rana kuma ya makara saboda layi, sukarinsa yana iya yin ƙasa, ki ga yana karkarwa da zufa, ko maganarsa ta rikice. Ki riƙe dabino ko alewa a jakarki domin irin wannan lokaci, ki kuma kula kada lokacin cin abincinsa na gida ya sauya don kuna tafiya. Wurare da yawa ba sa barin a shiga da abinci daga waje, amma idan kika yi wa masu tsaron ƙofa bayani cewa na mara lafiya ne, galibi sukan ɗaga ƙafa. Magungunansa da na'urar gwajin sukari su kasance a jakar hannunki, kada a bar su a motar da ke ajiye a rana, saboda zafi yana lalata insulin.

Lilo masu ƙarfi ba nasa ba ne, domin ana hana masu hawan jini da ciwon zuciya da ciwon baya da mata masu juna biyu hawansu. Ku zagaya ku sha kallo na awa ɗaya ko biyu da yamma don ku cika wa yara burinsu, ku ɗauki hoto ku tura musu, sannan ku wuce inda za a gasa muku kifi ko kaza. Ki roƙi mai gashin ya rage gishiri da dunƙule, a kawo yaji a gefe maimakon a barbaɗe naman da shi, tunda shi ma yajin tsire da gishiri da dunƙule ake daka shi, kuma a maye gurbin soyayyen dankali da ganye ko ɗan wake. Kafin ku taso daga Bauci, Alhaji ya ga likitansa ya gaya masa ranakun tafiyar, ya kuma karɓo maganin da zai wuce kwanakin da za ku yi, ko da jinkiri zai same ku a hanya.